Labaran Ɗanƙasa da Lefen Radiyya

Haƙorina na gefen hagu, wannan da ya ɓalle rabi, kishin ƙasa ne ya karya shi. Ba wasa nake ba. Tsakuwa na tauna a cikin shinkafa 'yar gida, domin ita kaɗai ake dafawa a gidanmu. Na tofo guntun haƙorin a tafin hannu na nuna wa maigidan, jini na zuba, bawan Allahn nan ya leƙa ya ce, "Sannu Yelwa. Amma dai tsakuwar ma ta ƙasarmu ce." Ku ji fa! Mutumin da nake aure ke nan shekara talatin da ɗoriya.

Sunansa Labaran, ni dai Malam nake ce masa. A Wudil in ka ce Labaran sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗanƙasa kowa zai nuna maka gidan. Shi ne mai tuta kore da fari a saman zaure. Ni ce mai wanke tutar, ni ce mai ɗinke ta in iska ta yage ta, kuma ko sau ɗaya ƙasar ba ta taɓa ce mini sannu ba.

A nan garin aka haife shi, can wajen gangaren kogi. Mahaifinsa marini ne, har ya rasu hannuwansa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Da Malam ya gama firamare sai ya tafi Kano ya samu aiki a wata masaƙa, a sashen da ake buga zane a jikin atamfa. A can aka kai ni amarya, ɗakin haya guda ɗaya. Kullum ya dawo warin rini ne ke fara yin sallama kafin shi. Lokacin mutum ne mai fara'a, wallahi. Ranar Sallah sai ya ja ni bakin titi, duk matar da ta gifta ya zungure ni ya ce, "Namu ne." Na ce masa, "Malam, ka daina ƙura wa matan mutane ido, za a ja mana duka." Ya ce shi ba ya ganin mata, zani yake gani.

Akwai wata atamfa da ya fi ji da ita, shuɗiya mai ganyen kuka. Shekara da shekaru shi ke tsaye a kan injin da ke buga ta. Har korarsa aka kusa yi a kanta, ranar da sifana ta suɓuce masa ta faɗa kan rola, wato ƙarfen da ke danna zanen a jikin yadi. Wurin ya ɗan loɓa, sai wani ganye ɗaya ya riƙa fitowa da yankakken kara. Ogansu ya yi ta masifa, daga baya ya ga mata ba su lura ba, ciniki bai ragu ba, ya ce a ci gaba a haka. Malam ya sha shimfiɗa mini zanen yana cewa in nemo ganyen. Ni da tuwo ke jirana a kan wuta, ina na ga lokacin neman ganye? Ban taɓa dubawa ba.

Sai kayan waje suka cika kasuwar Kwari, masu arha, masu sheƙi. Wuta kuma ta ƙi zama. Aka fara rage ma'aikata, aka rage kwanakin aiki, wata safiya suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muka tattaro muka dawo Wudil, autarmu Radiyya tana goye a bayana. Ya karɓi gonar gado a hanyar Kausani, ranar Juma'a kuma ya kasa shinkafa a kasuwa. Tun daga nan kishin da yake yi da dariya ya koma masa ciwo, mu kuma muka zama 'yan jinya.

Sabulu sai na gida. Ashana sai ta gida, ko da sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama. Takalmi sai na Aba. In na sayo abu, kafin ya tambaye ni lafiyar hanya ya juya gindinsa yana neman inda aka yi shi. Na taɓa ce masa, "To rediyon da ka manna a kunne fa, a nan Darki kusa da mu aka ƙera shi?" Ya ce wannan larura ce, kafin namu ya fito. Wayarsa ma larura ce. Tocilan ma larura. Ni dai turarena ne kaɗai bai taɓa zama larura ba.

In aka sa taken ƙasa a rediyo kuwa, ko loma ce a bakinsa sai ya miƙe ya ƙame. Da aka dawo da tsohon take kwanakin baya, mutane na ta tsaki suna cewa shi ne damuwarmu yanzu? Shi ko murna ya yi, wai tun firamare yana nan a kansa bai zube ba. Ya tsaya a tsakar gida ya rera mana shi da muryar da ta kori kajina.

Duk wannan na shanye. 'Ya'yana manya sun tashi a ciki, sun yi aure, sun tsira. Abin bai kai ni bango ba sai a kan Radiyya.

Yaron da ya fito neman ta sunansa Ridwan, malamin asibiti ne a wani ƙauye ta wajen Indabo. Maraya ne, mai kunya, in yana gaishe ka har ƙasa yake kaiwa. Abokan karatunsa da yawa sun tafi Saudiyya aiki, shi ma an yi masa hanya ya ce a'a, in ya tafi wa zai zauna da mutanen ƙauyen? Radiyya na son sa, son da ba ya ɓoyuwa. In ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta zuba gishiri sau biyu a miya. Malam ma na son sa. Aka yi tambaya, aka sa rana, komai lafiya lau, har aka kawo lefe.

Kowa ya san lefe harkar mata ce. Matan gidan ango su kawo, matan gidan amarya su karɓa, a buɗe, a ɗaga, a yi guɗa, a bar akwatunan 'yan kwanaki maƙwabta su shigo gani. Namiji iyakarsa ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce Allah ya sanya alheri, ya kama gabansa. Gwaggon Ridwan, Hajiya Juwairiyya, ita ta jagoranci kawowa. Kaya sun yi kyau daidai ƙarfin yaro. A saman akwati kuma ga wani gwado saƙar hannu, fari da ratsin baƙi, wanda kakarsa ta wajen uwa ta aiko daga Maraɗi, ta ce na jikanyarta ne.

Washegari da hantsi na fita barka a maƙwabta. Ina dawowa na yi turus a bakin ƙofa. Innalillahi! Malam ya shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ya zazzage lefen 'yar mutane kakaf, yana zaune da tabarau a karan hanci yana karanta bakin kowane turmi. Tabarmar dama ta "namu", ta hagu ta "waje". A ta dama babu komai sai takalma biyu na Aba da man shafawa da wani mayafi. Sauran duk suna hagu, tuli guda, gwadon tsohuwa a kai.

Na ce, "Malam, me zan gani haka? Har da 'yan kamfai ka ɗaga?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Waɗannan za su koma. A musanyo da na gida. Irin kayan nan su suka sa mini kwaɗo a ƙofa, ba za a fitar da 'yata daga gidana a naɗe cikinsu ba."

Na ce, "A ina ka taɓa jin an mayar da lefe in ba fasa aure aka yi ba?"

Ya ce shi bai ce a fasa ba, musanye ya ce. Akwai sauran masaƙa ɗaya ko biyu da ke numfashi a ƙasar nan, wanda ya nema zai samu.

Kafin in kwashe kayan, mata biyu sun shigo ganin lefe sun ga tabarmi. Shi ke nan. Kafin azahar magana ta tsallaka gada ta dawo.

Da la'asar sai ga Alhaji Auta, ƙanin mahaifin Ridwan, dillalin shanu a Kara, mutum mai murya kamar yana ciniki ko da gaisuwa yake. Suka zauna a zaure, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa, don ba zan bar rayuwar 'yata a hannun mutum biyun nan ba tare da ina kusa ba. Sun daɗe suna gaisawa, an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi kasuwa, an tambayi gajiya, kamar babu abin da ya kawo shi. Sannan Alhaji ya ce a nuna masa laifin kayan. Malam ya zayyana masa.

Na ɗauka Alhaji zai ce masa ya bar shirme. Ina! Ashe shi ma da nasa ciwon. Ya ce, "Tsaya, Malam Labaran. Takalmin Aba ne namu, gwadon Maraɗi ne na waje? Tsohuwar nan Bahaushiya ce kamar uwata da taka. Tuwonmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, in ta yi magana ba ka neman tafinta. Mutumin Aba ko sannu bai iya ba."

Malam ya ce, "Tutarsu daban, kuɗinsu daban, akwai kwastan a tsakani. Mutumin Aba kuwa, in ana ƙwallo da wata ƙasa, ni da shi muke ihu tare."

"Layin da Bature ya ja da fensir shi ne zai raba ni da dangina? Ni fa kishina na Arewa ne. Da ka ce a cire na Kudu a bar na Maraɗi da na fahimce ka."

"To shaddar da ke jikinka fa, Alhaji, a wace Arewar aka saƙa ta?"

"Kishi a zuci yake, ba a wuyan riga ba!"

Haka suka yi ta yi. Suka shiga yaƙin basasa, suka fito, suka shiga rufe boda, suka biya ta farashin shanu. Wallahi babu wanda ya ambaci sunan Radiyya ko Ridwan a cikinsu. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na ɗaga murya daga bayan ƙofa na ce, "Ku yi haƙuri da katsalandan. Yaron da ya ƙi Saudiyya ya zauna yana ɗinke ƙafar manoma da hasken waya, shi a wace tabarma za ku sa shi?"

Sai Malam ya ce, "Ai shi ya sa nake son sa. Shi ya sa ba na so ya fara gida da kayan wasu." Kun ji mutum! Duk ta inda ka ɓullo masa yana da ƙofa.

Alhaji Auta ya kaɗe riga ya tafi a fusace. Kashegari saƙon Hajiya Juwairiyya ya iso, gajere: in ko hankici ɗaya ya dawo musu, to a haɗo da akwatunan duka, su ma suna da mutunci, kuma 'yan mata ba su ƙare a Wudil ba.

Radiyya ba ta yi masa rashin kunya ba, ba halinta ba ne. Ta daina cin abinci ne kawai. Ta durƙusa a gabansa sau ɗaya ta ce, "Baba, ni ko da zani ɗaya ne zan tafi." Ya ce, "To ki tafi da ɗaya, amma namu." Ni kuwa na yi faɗa har muryata ta dishe. Na kira yayarsa, na kira liman, na ce zan tafi gidanmu, ni da gidanmu ya zama kango tun tuni. Na ce masa ƙasar da yake wa wannan hidima ko fansho ba ta ba shi ba. Ya ce uwa ko ta hana ka nono uwa ce. Na ce to ita Radiyya 'yar wace ƙasa ce? Sai ya kunna rediyo.

Ridwan ne ya kashe wutar, Allah ya yi masa albarka. Ya je ya lallashi gwaggonsa, ya ce shi bai ɗauki abin cin fuska ba, dattijo ne yake da abin da ya yi imani da shi. Aka zo a asirce aka ɗebi atamfofin. Ranar hutunsa ya hau mota ya tafi Kwari da kansa, ya bi shago shago yana cewa shi 'yar gida yake nema, wadda aka yi a Najeriya. Yaron da ya san allura da bandeji, me ya sani a atamfa? Masu shago suka duba masa bakin zani, suka nuna masa tambari, ya gani da idonsa an rubuta, ya karɓa yana godiya.

Hajiya Juwairiyya ta sake kawo kayan, fuskar nan a murtuke. Ta ce gwado dai yana nan, ba za ta mayar wa tsohuwa kyautarta ba ko sama za ta faɗo. Ta ce a kira Malam ya duba a gabanta, tunda shi ne uwar amarya. Ya shigo da tabarau ɗinsa. Radiyya tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, ta riƙe labule.

Hajiya ta buɗe akwati ta ce, "Ridwan ya ce a gaya wa Baba, har ta masaƙarsu ya samo masa." Ta ɗago turmin farko.

Shuɗiya ce mai ganyen kuka, sabuwa fil, tana sheƙi. A bakinta ga tambarin masaƙar su Malam raɗau, masaƙar da aka rufe tun Radiyya na shan nono, wadda yanzu awaki ke kiwo a harabarta. Ko ni da ban yi boko ba na san matacce ba ya buga atamfa. Daga waje aka yo ta, aka kwaikwayi zanen, aka kwaikwayi tambarin. Na ce a raina shi ke nan, aure ya mutu, yau har da yaron zai haɗa ya ce maƙaryaci ne.

Malam ya karɓa. Ya murza gefen da yatsu biyu. Ya juya bayan, inda launin ya koɗe, alhali tasu gaba da baya ɗaya ne. Ya kai hanci ya shinshina. Ya karanta tambarin, ya daɗe a kai. Sannan ya warware turmin a kan gwiwarsa yana bin ganyayen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har yatsan ya tsaya a wani wuri ya ƙi gaba. Hajiya ta ce, "To?" Bai ji ta ba. Ya ɗaga kai ya dubi Radiyya, ita ma shi take kallo.

Ya ninke turmin yadda suke ninkewa a masaƙa, baki ya haɗu da baki. Ya ce, "Namu ne. A gaya wa yaron na gode." Bai taɓa sauran ba. Ya ɗauki gwadon Maraɗi da hannunsa ya ɗora a sama, ya ce a rufe akwati, ya fita.

An yi biki lafiya. Radiyya da kanta ta zaɓi mai ganyen kuka ta ɗinka, da ita aka kai ta ɗakinta, wai don Baba ya ji daɗi. Har yau ita da mijinta sun ɗauka ta gaske ce, kuma duk wanda ya gaya musu ni da shi ne.

Sai dai tun ranar gidan ya yi mini wani iri. Shekara ashirin ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru, da ya yi shirun kuma na rasa inda zan sa kaina. Na sayo sabulun waje na ajiye a inda zai gani, bai juya gindinsa ba. Na dafa shinkafar waje, fara tas babu tsakuwa, ya cinye ya ce an gode. Kai, abin ya ba ni haushi! Na ce wannan ba mijina ba ne, musanya mini shi aka yi.

Ranar wata Juma'a ya dawo daga kasuwa, zan wanke rigarsa, na laluba aljihu na ji ƙyalle. Guntun mai ganyen kuka ne, ashe wajen tela ya je ya roƙo ragowar ɗinkin. Na same shi a gindin bishiyar darbejiya na miƙa masa na ce, "Malam, ni fa ba yarinya ba ce. Ka san ba taku ba ce, na san ka sani. Ajiyar me kake yi wa jabu?"

Ya ce in zauna. Ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarsa ya sa yatsa a kan wani ganye. "Duba nan." Wannan karon na duba. Karan ganyen a yanke yake, ɗan gibi kamar ƙwayar gero.

Ya ce, "Sifanata ce. Ba su san kuskure ba ne, suka kwafe har da shi." Ya shafa wurin da babban yatsa. "Injin an sayar da shi a kilo, Yelwa. Abokan aikina rabi sun mutu. Na duba ko'ina a ƙasar nan ban ga inda aikina ya saura ba. Sai a hannun waɗanda suka kashe shi."

Ya ninke ƙyallen, baki ya haɗu da baki, ya mayar aljihu.

Da yamma na zubar wa kaji ragowar shinkafar wajen, na auno 'yar gida a buhunsa na zauna tsince tsakuwa. Ya zo wucewa ya tsaya a kaina ya ce, "Ba kin ce ta karya miki haƙori ba?"

Na ce, "Ina ruwanka? Haƙorinka ne? Je ka sauko mini da tutar can, ta yi dauɗa kamar ba ta da masu ita."